Shayin Gaiman Da Abin Da Ke Bayansa

A can kudancin ƙasar Ajantina, a yankin da a ke kira Patagoniya, akwai wani ƙaramin gari a bakin kogin Chubut mai suna Gaiman. Tsakaninsa da birnin Trelew bai fi mil 11 ba. Baƙi masu yawon buɗe ido sukan je garin da hantsi su komo da almuru, kuma galibinsu abin da ke kai su shi ne shan shayi irin na mutanen Wels, watau wani yanki na ƙasar Birtaniya mai harshensa dabam da Ingilishi. Da la'asar a kan cika wa baƙo tebur da burodi da man shanu da cuku da kek iri iri, da wani baƙin kek mai zabibi da kayan yaji wanda ya kan yi watanni bai lalace ba. Musulmin da ya je sai ya tambaya kafin ya ci, gama wasu sukan zuba masa giya.

To, ra'ayinmu shi ne wanda ya je Gaiman ya sha shayi kawai ya juyo ya yi rabin tafiya. Ga dalilinmu.

Mutanen nan ba yunwa kaɗai ta raba su da gida ba. A 1847 wani rahoton gwamnati a kan ilmi ya aibata harshen Wels, ya ce shi ne ya hana masu shi ci gaba. A wasu makarantu har a kan rataya wa yaro guntun katako a wuya in an ji ya yi magana da harshen uwarsa. Sai wani malamin addininsu, Michael D. Jones, ya lura cewa waɗanda su ka yi ƙaura zuwa Amurka ba su daɗewa sai Ingilishi ya haɗiye 'ya'yansu. Ya ba da shawara a nemi wuri mai nisa inda ba a jin Ingilishi ko kaɗan. Ran 28 ga Yuli, 1865, jirgin ruwa mai suna Mimosa ya sauke mutum wajen 150 a gaɓar da yau a ke kira Puerto Madryn, bayan wata biyu a kan teku daga Libaful.

Da ma an gaya musu ƙasa ce mai albarka. Abin da su ka tarar shi ne fako da iska da tsananin ɗari, ruwan sama kuwa ba ya isa noma. Shukarsu ta fari ta mutu. Waɗanda su ka cece su su ne 'yan ƙasa, ƙabilar Tehuelche, waɗanda su ka koya musu farauta, suna ba su nama su karɓi burodi. A 1867 wani manomi, Aaron Jenkins, da matarsa Rachel su ka haƙa lambatu su ka jawo ruwan kogi cikin gonarsu, alkama ta yi kyau. Sauran su ka bi sahu, har alkamar kwarin Chubut ta ci lambar girma a Faris a 1889, da Shikago a 1893. Shi kansa Gaiman a 1874 a ka kafa shi, kuma gidan fari na dutse da David Roberts ya gina yana nan har yau, ana shiga a gani.

Amma fa abin da su ka ƙetare teku domin su tsare shi ya kusa kuɓuce musu. Gwamnatin Ajantina ta sa a riƙa karatu da Sifaniyanci a makarantu. Sababbin baƙi daga Wels su ka daina zuwa wajen lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, mutanen Sifen da na Italiya kuwa su ka yi ta kwararowa. Aure ya gauraya, yara su ka tashi da Sifaniyanci. Kek dai bai daina fitowa daga tanda ba, amma harshen ya yi ta ja da baya. A nan ne darasin ya ke. Girki yana da saukin gado, domin uwa ta kan koya wa 'yarta da hannu ko da wane harshe su ke magana. Harshe kuwa sai an tsaya masa da makaranta da littafi da taro.

Wani zai ce mana gidajen shayin nan ai ciniki ne kurum, an mai da tarihin kakanni haja. Mu ba mu ga laifin haka ba. Kuɗin baƙi yana riƙe matasa a garinsu, kuma da yawa ba su taɓa jin sunan Gaiman ba sai da Gimbiya Diana ta sha shayi a can a 1995. Abin da mu ke ƙi shi ne a ɗauki zaure a ce shi ne gida. Gidan shayi zaure ne, cikin gida yana gaba.

Saboda haka mai ziyara ya fara da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda a ka tara kayan mutanen farko da takardunsu. Ya ga makarantar Camwy wadda a ka buɗe a 1906, da ɗakin ibada na Bethel. Ya tambayi labarin jaridarsu, Y Drafod, wadda Lewis Jones ya kafa a 1891, da gasar waƙa da rubutu da su ke kira Eisteddfod, wadda a kan yi kowace shekara a Trelew. Waɗannan su ne su ka raya harshen bayan bikin cika shekara 100 a 1965. Tun daga 1997 ana aiko da malamai daga Wels, a 2006 kuma a ka buɗe makarantar Hendre a Trelew, inda yara ke karatu da harsuna biyu. Kada kuma ya manta da Tehuelche. Sunan Gaiman ma daga harshensu ya fito, ga shi kuwa nasu harshen ya yi kusan shuɗewa, domin shi bai sami masu tsaya masa kamar haka ba.

Wannan labari ba baƙo ba ne a gare mu. Muna da 'yan'uwa a zangunan Kumasi da Ankara, da Mai Wurno ta Sudan inda a ka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903. Tuwo da fura za su daɗe a gidajensu, wannan ba mu shakka. Tambayar ita ce ko jikokinsu za su iya rubuta wa dangi wasiƙa da Hausa. Malaman makaranta, amsar tana hannun irinku, gama da sanyin safiya a kan kama fara. Allah ya sa mu gane, amin.