A Kai Yara Lamu, Su Taka da Ƙafarsu

Da zarar an yi hutun makaranta, masu hali daga cikinmu sukan kwashi iyali zuwa Dubai ko Istanbul, a sauka a otal, a wuni a manyan kantuna, a dawo da akwatuna maƙil. Ka tambayi yaron abin da ya gani, sai ya lissafa maka takalma da kayan wasa. A ganina an yi asarar kuɗin jirgi. Wuni guda da iyali za su yi suna tafiya a ƙasa a bakin teku, suna cin abin da mutanen wurin ke ci, ya fi wa yaro amfani a kan mako guda cikin kanti. Hujjata ita ce tsibirin Lamu, da ke arewacin gaɓar tekun Kenya.

Jirgin sama a tsibirin Manda yake sauke mutum, daga nan sai kwalekwale. Tsohon garin Lamu na Musulmin Sawahili ne, kuma tun 2001 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Lungunansa sun yi wa mota ƙunci, don haka jaki ne ke dakon yashi da buhunan shinkafa, har asibitin jakuna aka buɗe a bakin ruwa a 1987.

Daga garin zuwa ƙauyen Shela kusan kilomita 3 ne ta gefen teku. Kafin ka kama hanya ka tambayi masunta lokacin da ruwa ke janyewa, domin idan teku ta cika takan cinye wani sashe na hanyar. Da na je da iyalina, da sanyin safiya muka fita. Mun tarar da wani dattijo ya kwantar da jirginsa a kan yashi, yana cusa auduga cikin tsagar katako da kurfi da guduma don kada ruwa ya shiga. Yarana suka tsuguna gabansa, da ƙyar muka ɗaga su. Can gaba ƙaramarsu ta ga jirage zaune a busasshiyar ƙasa, ta ce, “Baba, ina ruwan ya tafi?” A tsaye a wurin na bayyana mata yadda wata ke jan teku, ta cika ta janye sau biyu a kowace rana. Da muka dawo da yamma ta ga jiragen nan suna yawo a kan ruwa. Wane malami ne zai koyar da wannan a allo ya zauna haka?

A Shela akwai masallacin Juma'a da aka gina a 1829, bayansa kuma rairayin bakin teku ya miƙe kusan kilomita 12. Tuddan yashin da ke gefensa su ne ke riƙe ruwan sama, su shayar da rijiyoyin tsibirin. Yaron da ya hau su yana haki, aka gaya masa ruwan da ya sha da safe daga ƙarƙashin ƙafarsa ya fito, ya fahimci dalilin da ya sa mutanen garin ke adawa da masu son yin gini a kansu.

Sai batun ciki, inda na fi ganin laifinmu. Da yawa daga cikinmu da sauka ƙasar waje sai cigiyar gidan da ake tuƙa tuwo. A Lamu babu fargabar haram, to me ya rage? Da safe akwai mahamri, ɗan'uwan fankenmu, sai dai da madarar kwakwa ake kwaɓa shi, a haɗa da wake da aka dafa cikin kwakwar. Da rana a gasa kifin da aka kamo a ranar, a shafe shi da miyar kwakwa da tsamiya, a zuba a kan shinkafa. Da la'asar ga alewa da gahawa mai ɗaci a 'yan ƙananan kofuna. Gidaje da masaukai da dama a Shela baƙi daga waje ne suka saye su, saboda haka kuɗin da ka miƙa wa mai suyar mahamri da mai gasa kifi shi ne kake da tabbacin ya kwana a garin.

Na san za a kawo maganar tsaro. Gaskiya ne hanyar mota da ke ɓangaren tudu ta sha hare-haren Al-Shabab, shi ya sa nake cewa a bi ta sama, a kuma bincika halin da ake ciki kafin a tashi. Wani zai ce uwargida da ƙananan yara ba za su jure tafiyar ba. Tafiyar ba ta kai awa guda ba, wanda ya gaji kuma ga jaki, ga kwalekwale.

Abin da ke damuna shi ne garin yana sauyawa. An buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a yankin a 2021, 'yan acaɓa kuma sun cika bakin ruwan da a da sai takun jaki. Duk wanda Allah ya hore wa, ya kai iyalinsa tun hanyar nan tana ta masu tafiya a ƙasa. Idan ɗan acaɓa ya tsaya ya ce ku hau, ku yi masa godiya, ku ci gaba da tafiyarku.