Wando Ba Shi Ne Namiji Ba

Jama'a, yau ba ci gaban labari na kawo muku ba. Wani abu ne ya tsaya mini a rai, in ban faɗe shi ba, ba zan samu sukuni ba.

Akwai wani ɗan baffana a Madadi, cikin ƙaramar hukumar Gwarzo, da ya yi shekaru yana aikin ƙarfi a Jidda tare da mutanen Yaman. A can ya saba da irin zanen da mazansu ke ɗaurawa a ƙugu. Bayan ya dawo gida, wata rana da bazara zafi ya ishe shi, sai ya ɗaura abinsa har ƙasan gwiwa, ya sa riga, ya fito ƙofar gida shan iska. Iyakar laifinsa ke nan. Samarin teburin mai shayi suka kwashe da dariya, wani ya ce "ɗan daudu", yara suka ɗauka. Kafin sati biyu magana ta kai Kabo inda yake neman aure, iyayen yarinya suka ce ya dakata tukuna, za su yi bincike. Har yau binciken ake yi.

To, ku masu dariya, yaushe wando ya zama shaidar mazantaka? Alhazan da kuke rakawa filin jirgin Malam Aminu Kano, me suke sawa idan sun ɗauki harami? Ba ƙyalle biyu ba ne marasa ɗinki, ɗaya a ƙugu, ɗaya a kafaɗa? Wa ya taɓa yi wa alhaji ihu a Arfa? Kakanninmu da suka sare daji suka yi gonakin Getso da Lakwaya, da warki da bante suka yi noman. Ɗan damben da ke shiga fage da warki, in ka isa je ka gaya masa ba namiji ba ne.

Ba mu muka fara wannan wauta ba. A ƙasar Sikotilan, mazan kan duwatsu suna da wani tufafi mai kama da siket da suke kira kilt. A 1746, bayan yaƙin Kuloden, gwamnatin Birtaniya ta yi dokar hana su sa shi: laifin farko wata shida a kurkuku, na biyu a kori mutum zuwa ƙetaren teku shekara bakwai. Sai a 1782 aka soke dokar. A 1822 Sarki Joji na huɗu da kansa ya sa kilt da ya ziyarci birnin Edinbura. Yau Sarki Charles yana sawa, angwayensu ma da shi suke fita ranar biki. Su suna aure a cikinsa, namu kuwa aurensa ya tsaya saboda irinsa.

Na san wani zai ce ai ba al'adarmu ba ce. Madalla. Shi matsattsen wandon jins da ke zamewa ƙasan ƙugu, wanda masu dariyar ke sawa, daga wane kakan suka gaje shi? Laifi tudu ne. Wani kuma zai ce addini ya hana namiji kwaikwayon mata. Gaskiya ne, amma wannan zane na maza ne a Yaman, da Somaliya, da Indunusiya, kuma ya rufe daga cibiya har gwiwa. Abin da addini ya hana ƙarara shi ne izgili da jifan juna da mugun laƙabi, kuma shi kuka aikata.

Magana zarar bunu ce. Ku kun gama shayinku kun watse, shi kuwa kun bar shi da sunan da wanki ba ya fitarwa. Iyayen yarinya, ku bincika halinsa, da sana'arsa, da yadda yake riƙe mahaifiyarsa. Mazantaka ba tela ke ɗinka ta ba.

Allah Ya sa mu gane.