Madafa Ma Makaranta Ce

A ganina, uban da ya kai ɗansa makarantar allo tun yana shekara 5, ya jajirce har yaron ya sauke Alƙur'ani, amma ya hana shi leƙa madafa wai don girki aikin mata ne, haƙiƙa ya tauye amanar tarbiyya. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) yakan taya iyalinsa hidimar gida. To, ina aibin yaro ya iya talge kafin tuƙin tuwo, ya san gwargwadon daddawar da miyar kuka take buƙata, ya kuma ƙiyasta mudun dawa nawa zai ciyar da gidansu mako guda ba tare da almubazzaranci ba?