Wa Ake Mayarwa Dodo?

A shekarun nan, in malaman lakkwal da iyayen yara suka haɗu a gundumar Magarya ko ta Dungas, da wuya a tashi ba a taɓo maganar finafinan ban tsoro ba. Ƙorafin ɗaya ne: yara suna kwana kallon aljanu a salula, su zo aji da jajayen idanu, wasu ƴan mata kuma su yanke jiki su faɗi, a ce iska ta hau su. Maganin da ake kawowa shi ma ɗaya ne, wato a hana: a ƙwace salula, a rufe shagon mai tura fim, a kai ƙara gaban mai gari. Niyyar masu wannan magana kyakkyawa ce, amma sun bar jaki suna dukan taiki. Abin da ya kamata ya hana malami barci shi ne mutumin da fim yake nuna wa yaro da yatsa, ya ce masa ga abin tsoron nan.

Hanin ma ba mai yiwuwa ba ne. Najeriya ta rufe iyakarta daga watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, aka kuma yanke wutar lantarki. Fatake sun ji a jikinsu, amma fim bai tsaya ko da yini ɗaya ba, domin katin da ke ɗauke da shi bai kai farcen babban yatsa ba, hasken rana kuwa ya isa cika batir. Haka nan faɗuwar ƴan mata a aji ta girmi salula: tun tsakiyar shekarun 1990 makarantun ƴan mata na Kano suka yi fama da abin da aka kira Sumbuƙa, lokacin da ko malami bai mallaki wayar hannu ba.

Abin da ya sake tsakanin 2013 da 2023 shi ne kamannin dodon kansa. A da, fim ɗin ban tsoro na Turawa abin dariya ne ga ɗan Magarya: wani bature mai dogayen fiƙa yana kwana cikin akwati a wani gida mai sanyi, me ya haɗa shi da mai noman gero? A 2013 sai fim ɗin The Conjuring ya fito a Amurka, wanda aka kashe wa kimanin dala miliyan 20, ya maido fiye da miliyan 300. Ƴan kasuwa suka gane cewa labarin shiga jiki da fitar da shaiɗan ba ya cin kuɗi, ga shi da riba, sai Annabelle ya biyo baya a 2014, The Nun a 2018. A Turkiyya jerin Dabbe, da ya faro tun 2006, da Siccin na 2014, suka kawo aljani da sihiri da ruƙiyya cikin gidan Musulmi mai tabarmar salla. A Indonisiya Pengabdi Setan ya cika gidajen sinima a 2017. A Indiya shirin talabijin na Naagin, labarin macijiya mai rikiɗa mace, ya soma a 2015, a daidai lokacin da juya finafinan Indiya zuwa Hausa ya zama babbar sana'a a Kano, inda kamfani irin Algaita ya yi suna. Tazarar da ke tsakanin mai kallo da abin kallo ta gushe. Yaron da ya yi wa bature mai fiƙa dariya ba zai yi wa aljani dariya ba, tunda ya san da shi tun kafin ya san salula, ga shi kuma wani lokaci yana magana da harshen uwarsa.

A cikin waɗannan shekaru goma akwai wata hanya ta biyu da masu fim suka bi, kuma ita ce ta cancanci yabo. A 2017 Jordan Peele ya yi Get Out, inda abin tsoron yake farar fara'ar wasu attajiran Amurka masu kwaɗayin jikin baƙar fata. A 2019 Mati Diop ta yi Atlantique a Dakar: samari leburori da aka hana kuɗin aikinsu sun shiga kwalekwale, teku ta cinye su, sai suka dawo da dare cikin jikin ƴan matan unguwa suna bin mai gini bashinsu. Fim ɗin ya ci babbar kyauta a bikin Kan na Faransa. A 2020 His House ya bi wasu ma'aurata ƴan gudun hijira daga Sudan ta Kudu, waɗanda abin da suka aikata a hanya ya bi su har cikin bangon ɗakinsu a Ingila. A duk ukun, abin tsoron yana zuwa ne da tambaya, kuma mai ƙarfi yake tuhuma, ko lamirin mutum. Sai dai irin waɗannan ba kasafai suke shiga katin mai tura fim ba. Ba su cika ihu da jini ba, samari su ce sun yi sanyi.

Wanda ke shiga katin, musamman na kudancin Najeriya da gajerun da ake kwaikwayonsu da Hausa ana zubawa a YouTube da TikTok, ya san dodonsa tun kafin a kunna kyamara. Tsohuwa ce mai zama ita kaɗai a ƙarshen gari. Kishiya ce. Uwar miji ce. Ƴar bori ce, wadda ake sa wa baƙin zane da jan ido, alhali mai fim bai taɓa jin kiɗan garaya ba, bai kuma san bambancin Doguwa da Sarkin Rafi ba. Kullum talaka ce, kullum mace ce, kullum ba ta da ɗan da zai tsaya mata. Kada wani ya ce ai wasa ne. A 1999 aka fitar da End of the Wicked a kudancin Najeriya, fim mai nuna ƙananan yara suna tashi da dare zuwa taron mayu. Bayan ƴan shekaru masu kare haƙƙin yara suka sa shi cikin abubuwan da suka rura wutar zargin yara da maita a jihar Akwa Ibom, inda aka kori wasu daga gida, aka azabtar da wasu. A ƙasar Hausa itacen a bushe yake, ashana kawai yake jira. Kowa ya san zancen ƙanƙarar maita da kamun kurwa, kowa ya san yadda ake taruwa a kan tsohuwa a tilasta mata tsallake marar lafiya a gaban jama'a, da kuma yadda zargin ke bin jikokinta har ya hana su aure.

Ga Magarya da Dungas maganar ta wuce ta mutunci, ta kai ga rai. Kowace damina masassarar cizon sauro da tamowa suna haɗuwa a kan ƙananan yara. A watan Satumba na 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a Magarya tun 2005, ta ba da sanarwar cewa kimanin yara 10 ke rasuwa kowace rana a sashen yara na asibitin garin. Yaron da masassara ta hau wa kai yana jijjiga, idanunsa su juye, haƙora su datse, ya daina gane uwarsa. Duk wanda ya kalli fim ɗin shiga jiki ya san wannan hoton, kuma fim ya riga ya gaya masa sunansa. Yayar yaron, mai shekara goma sha biyar, ta gani sau ɗari a salula. In ta ce iska ce, ko ta ce tsohuwar maƙwabta ce, kwana ɗaya ko biyu da za a ɓata wajen turare da zargi su ne tsakanin rayuwa da kabari. Ba fim ne ya ƙirƙiro wannan fassara ba, amma yana maimaita ta kowane dare, malamin kimiyya kuwa sa'o'i kaɗan yake da su a mako.

Masu cewa a hana sun manta cewa Bahaushe ya daɗe yana tsorata ƴaƴansa da gangan. Dodo na tatsuniya yana haɗiye gari guda da shanunsa, yana tare rijiya, yana neman budurwa. Amma tatsuniya tana da ƙofar shiga da ta fita: ba a yin ta da rana, ana yin ta cikin taro, kuma in an ce ƙurunƙus an rufe Dodo a ciki, kowa ya tafi shimfiɗarsa. Dodo ba maƙwabcin kowa ba ne, ba shi da dangi a unguwa, kuma wayon Gizo ko ƙarfin halin Auta ne ke kayar da shi. Mai ba da labarin kuwa, wadda yara ke maƙalewa a jikinta in tsoro ya kama su, ita ce kaka. Tsohuwar nan da a da take riƙe da linzamin tsoro, ita ce fim ya mayar abin tsoro.

Sinimar Nijar ma ta san hanya tun da wuri. A 1972 Umaru Ganda ya yi Saitane, ya tone asirin malamin tsibbu mai cin amanar masu zuwa wurinsa. A farkon shekarun 1970, cikin babban fari, Mustafa Alasan ya yi Toula, labarin budurwar da aka miƙa wa aljanin ruwa don a sami damina, kuma tausayin mai kallo yana wajen budurwar ne. Labaran irin wannan ba su ƙare ba. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, akasarinsu daga yankin Kance, maƙwabciyar Magarya. Ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Da matan nan za su dawo da dare kamar samarin Dakar, ƙofar wa za su ƙwanƙwasa? Samarin da ke da salula mai kyamara da ƙungiyar wasan kwaikwayo a kwaleji sun fi kowa kusa da wannan tambaya, amma tsohuwa mai jan ido suke ɗauka, don ita suka gani an ɗauka.

A nan aikin malami da ƙungiyar al'adu yake, kuma ya fi ƙwace salula wuya. A ɗauko ɗaya daga finafinan da yaran suka riga suka haddace, a kalle shi tare da rana tsaka, a tsayar da shi inda mayya ta bayyana, a tambayi ajin: wace ce wannan, me ta mallaka, wa ya ce ita ce, wa ya ci ribar mutuwarta? Malamin Hausa ya ajiye tatsuniyar Dodo kusa da shi, malamin Faransanci ya kawo Atlantique, a kuma gayyato ma'aikacin lafiya kafin watan Agusta, ya bayyana wa ƴan aji abin da ke sa yaro jijjiga da kuma inda za a kai shi a daren.