Almakashi da tsohon inji

Kwanan baya na bi ta Afala, arewa da Tawa, na tarar da wani tsohon injin niƙa yashe a gindin bango, tsatsa ta ci shi, awaki na hawa bisansa. Shekaru ya yi yana hutar da matan gari wahalar dutsen niƙa. Yau mai shi yana jiran masu sayen tsofaffin ƙarafa su auna shi da kilo su wuce. Ran da suka zo, ko kamarsa ba za ta rage mana ba.

Akwai dabarar adana kamannin irin waɗannan injuna da ba ta cin kuɗi: a yanka takardu masu launi da almakashi, a manna su bisa kwali har siffar injin ta fito. A Faransa, Georges Braque ya soma manna takarda cikin zanensa a 1912. Henri Matisse kuwa, da ciwo ya kwantar da shi a 1941, sai ya duƙufa ga almakashi har ya rasu a 1954, ga ayyukansa can a manyan gidajen tarihi. Mu ma aikin ba baƙo ba ne gare mu, domin dukawan Adar sun daɗe suna yanka jar fata da koriya su ɗora bisa jaka da matashi.

Kayan aikin a ƙofar gida suke: takardar buhun siminti ta ba da ruwan ƙasa, kwalin shayi ya ba da kore, tsohuwar kalanda ta cike sauran, ƙaro kuwa in an jiƙa shi ya riƙe su duka.

Amfanin ya wuce ado. Yaron da zai yanka siffar injin niƙa, tilas ya tsuguna ya duba inda hatsi ke shiga, inda bel ya ratsa, da abin da ke juya wani. Ba zai manna daidai ba sai ya gane. Daga nan makanike ke somawa.

Saboda haka, ƴan kasuwa, kwalayen da kuke ƙonewa bayan kanti, ku kai su lakkwal. Ma'aikata, kalandar bara da ke rataye a ofis ta bi sahu. Malaman makaranta kuma su kai yara gaban injin nan, da tsohon keken ɗinki, da famfon da ya daina ba da ruwa, tun masu kilo ba su iso ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.