Kowa Ya Ji Labarin Majiyyaci, Ban Da Yaran Gida

Bara ƙanwata mai ciwon sikila ta yi kwana goma sha ɗaya a asibiti. Ni ne "ɗan waya" a gidanmu, don haka komai ta hannuna ya bi: tura kuɗin magani, neman mai ba da jini, sanar da dangi a gurup ɗin WhatsApp. Mutum ɗaya ce ban tuna da ita ba, autarmu 'yar shekara shida, wadda suke kwana gado ɗaya. A rana ta huɗu ta daina cin abinci. Da Gwaggo ta lallashe ta, sai ta ce ai ta san Yaya ta rasu ne ake ɓoye mata, tunda Kaka ma da aka kai ta asibiti ba ta dawo ba.

Ranar na ji kunyar kaina. Ina rubuta manhaja, amma na kasa haɗa yara biyu da wayar da ke aljihuna.

Ra'ayina shi ne, idan aka kwantar da yaro, 'yan'uwansa na gida su ma suna da haƙƙi a kan wayar nan. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila, kenan gidaje da yawa na shiga wannan hali a kai a kai, ga kuma zazzaɓin cizon sauro duk damina. Asibitoci da dama ba sa barin ƙananan yara shiga ɗakin majiyyata, kuma suna da hujja. To amma murya ba ta buƙatar izinin mai gadi.

Na san manya za su ce a bar yaro, kada a tayar masa da hankali. Ni abin da na gani, shirun ne ya tayar da hankalin. Yaron da ba a faɗa wa komai ba, da kansa zai ƙirƙiri labari, kuma nasa ya fi gaskiyar muni.

Ga abin da ya yi mana aiki. Mun fi dogara da saƙon murya a kan kiran bidiyo. Saƙon minti ɗaya bai kai megabait ɗaya ba, kuma ko sabis ya ɗauke zai jira ya tafi daga baya. Yaro kuma yana iya maimaita shi sau goma kafin barci. Mun tsayar da lokaci guda, bayan Magariba, domin yarinyar ta san yaushe za ta ji Yayarta. Ranar da jiki ya hana majiyyaciya magana, Umma ce ke turowa, ta faɗi gaskiya daidai hankalin yarinya. Kafin kiran bidiyo na farko kuwa, sai da na yi mata bayanin robar ƙarin ruwan da za ta gani a hannun Yaya.

Abu ɗaya nake roƙo: kada a ɗora hoton yaro marar lafiya a status. Bai ba da izini ba, kuma ƙanensa na iya cin karo da shi a wayar maƙwabta.

Idan akwai naka a asibiti yau, kafin ka tura wa gurup bayani, durƙusa ka miƙa wa ƙaramin gidan waya, ka ce ya danna ya gaishe da ɗan'uwansa.