Ƙananan motocin alfarma masu gudu: Allon waya na raba direba da hanya

Daƙiƙa 3.9 kacal motar Mercedes-AMG A 45 S ke buƙata ta tashi daga tsaye cik ta kai gudun kilomita 100 a awa ɗaya. Ƙaramar mota ce mai fulogi huɗu, injinta lita biyu, amma tana da ƙarfin doki 421, kuma tana iya kaiwa kilomita 270 a awa. Abokiyar gogayyarta Audi RS 3, mai fulogi biyar da ƙarfin doki 400, tana yin wannan tashi cikin daƙiƙa 3.8. A shekarun 1980, sai tsirarun motocin tsere masu ɗan karen tsada ke da irin wannan zafin nama.

Sai dai ba da ƙarfin inji kaɗai ake tallar waɗannan motoci ba a yanzu. Ana kuma tallarsu da yadda suke haɗuwa da wayar salula. Tun da kamfanin Apple ya fito da manhajar CarPlay a 2014, Google kuma ya biyo baya da Android Auto a 2015, wayar direba ta koma bisa allon da ke gaban mota: taswira, kira, waƙoƙi da saƙonnin WhatsApp duk suna nan. A 2018 Mercedes ya ƙaddamar da tsarinsa na MBUX a ƙananan motocin A-Class, wanda ke karɓar umarni ta taɓa allo ko ta murya.

A nan gizo ke saƙar. An haɗa abu biyu da ba sa ga maciji a cikin mota ɗaya: injin da ke buƙatar cikakkiyar nutsuwar direba, da allon da aka tsara domin ya ja ido.

Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ya sauke idonsa kan allo na daƙiƙa biyu ya yi tafiyar mita 56, wato rabin filin ƙwallo, ba tare da ya ga abin da ke gabansa ba. Shi ya sa hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka, NHTSA, ta shawarci masu ƙera motoci a 2013 da su tsara na'urorinsu ta yadda kallo ɗaya ba zai wuce daƙiƙa biyu ba. Hukumar ta ce mutum 3,308 ne suka mutu a ƙasar a 2022 a haɗurran da shagalar direba ta shiga ciki.

A 2020, cibiyar binciken sufuri ta TRL da ke Birtaniya ta gwada direbobi a na'urar kwaikwayon tuƙi, bisa buƙatar ƙungiyar IAM RoadSmart. An gano cewa taɓa allon CarPlay yana jinkirta martanin direba da kashi 57 cikin 100, na Android Auto kuma da kashi 53. Rubuta saƙo a waya, wanda kowa ya yarda ganganci ne, kashi 35 yake jawowa. Wasu direbobin sun kawar da ido daga hanya har na daƙiƙa 16. A gudun kilomita 100, wannan ya haura mita 400.

Kotu ma ta tsoma baki. A 2020 wata babbar kotu a birnin Karlsruhe na Jamus ta tabbatar da tarar Yuro 200 da haramcin tuƙi na wata ɗaya a kan direban wata motar Tesla, wanda ya kauce hanya a cikin ruwan sama yayin da yake neman ƙara saurin waifa ta cikin allo. Direban ya biya kuɗin kuskurensa, amma tambayar tana nan: me ya kai abin share ruwan gilashi cikin jerin zaɓuɓɓukan allo tun farko?

Amsar ta shafi kuɗi. Kowane maɓalli yana buƙatar wayoyinsa da wurin zamansa da aikin haɗawa, alhali allo ɗaya yana ɗaukar ayyuka da yawa, kuma ana iya sauya tsarinsa ta intanet. Kamfani ya rage kashe kuɗi, sannan ya sayar da ragin a matsayin ci gaba.

Don haka matakin da Euro NCAP, mai gwada ingancin kariyar motoci a Turai, ta ɗauka ya dace. Daga 2026, motar da ba ta da maɓalli ko sandar da hannu zai laluba domin sigina, da fitilar gargaɗin haɗari, da oda, da waifa, da kiran agajin gaggawa, za ta rasa maki, abin da zai iya hana ta tauraro biyar. Wannan ba doka ba ce, amma kamfanoni na tsoron rasa taurarin domin masu saye suna duba su. Tuni Volkswagen ya sanar da dawo da maɓallai bayan ƙorafin masu motocinsa.

Wannan ba ya nufin a raba mota da waya. Taswira a kan allon da ke kusa da saitin ido ta fi waya a tafin hannu ko a kan cinya, kuma kiran agaji na kai-tsaye yana ceton rai. Haka nan motoci irin A 45 S suna da birki mai ƙarfi da na'urar taka birki da kanta idan ta hango karo. Amma babu na'urar da ke maye gurbin idon direba. Ko umarnin murya, wanda ake ɗauka shi ne mafita, binciken TRL ya nuna yana jinkirta martani da kashi 30 zuwa 36.

Maganar ta shafi Najeriya, domin motocin da aka ƙera saboda titunan Turai da Amurka su ne ke sauka a matsayin 'yan Kwatano bayan wasu shekaru, kuma ƙananan Marsandi na cikin waɗanda matasa masu hali ke rububi a Abuja da Kano da Kaduna. Iyakar gudun ƙananan motoci a manyan tagwayen hanyoyi kilomita 100 ne, a kan titunan da masu babura da masu Adaidaita Sahu da dabbobi da masu tsallakawa a ƙafa ke amfani da su tare. Ga kuma wata matsala: Siri ba ya jin Hausa, saboda haka mai son tura saƙo da harshensa ko neman unguwa da sunanta yakan ƙare da kai yatsa kan allo.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana kama masu amfani da waya a kan sitiyari. Ya kamata wayar da kan da take yi ya haɗa da allon mota, domin direbobi da dama na ganin tun da ba su riƙe waya ba, ba su yi laifi ba. Dillalan motoci su daina tsayawa kan girman allo da ƙarar salansa, su nuna wa mai saye yadda zai yi amfani da maɓallan sitiyari. Iyayen da ke miƙa wa sabon direba makullin mota mai ƙarfin doki 400 su tambayi kansu ko ya taɓa koyon tsayar da ita.

Shi kuwa direba, abin da ke wuyansa ba shi da yawa: ya saita taswira da abin saurare kafin ya sa giya, ya kunna tsarin hana shigowar saƙonni yayin tuƙi da ke cikin wayarsa, idan kuma saƙon ba zai jira ba, ya samu wuri ya faka. Rigakafi ya fi magani.